Sharhi: Kwaɗon Nijmegen da darasin renon kiristal a cikin maganaɗisu

A shekarar 1997 hoton wani ɗan ƙaramin kwaɗo ya zaga duniya. An gan shi yana shawagi a cikin iska a tsakiyar wani bututu, babu zare babu abin dafawa, yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu. An ɗauki hoton a ɗakin binciken manyan maganaɗisu na Jami'ar Nijmegen da ke ƙasar Holan. Abin da ya ɗaga kwaɗon shi ne maganaɗisu mai ƙarfin tesla 16, wato kusan ninki dubu 300 na ƙarfin maganaɗisun duniyar nan da ke juya allurar kamfas. Da aka gama gwajin an sauko da shi lafiya lau.

Jama'a sun yi dariya, wasu kuma sun yi tsaki suna cewa an rasa abin yi da kuɗi. A shekarar 2000 aka bai wa jagoran gwajin, Andre Geim, tare da Michael Berry na Birtaniya, lambar Ig Nobel wadda ake bayarwa ga binciken da ke sa mutum dariya kafin ya sa shi tunani. Shekara goma bayan haka Geim ya karɓi ainihin lambar Nobel a kan wani aikin daban.

Kwaɗon bai tashi a banza ba. A shekarar 2007, a wannan ɗakin binciken, wasu masana suka yi amfani da ka'idar da ta ɗaga shi wajen shawo kan wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu ƙirƙirar magunguna tuwo a ƙwarya: yadda za a reni kiristal ɗin furotin mai kyau.

Mun ɗauko wannan labari ne domin darasin da ke cikinsa. Hanyar maganaɗisu ba ta zama ruwan dare ba, kuma ba ta cika dukkan burin da aka ɗora mata ba. Duk da haka, a ganinmu kuɗin da aka zuba sun biya, domin fahimtar da aka samu ta haifar da dabaru masu arahar gaske. Waɗannan dabarun ne ya kamata ƙasashe masu fama da sikila da zazzaɓin Lassa su sa wa ido.

Me ake yi da kiristal ɗin furotin?

Furotin ba abin da ke cikin nama da wake kawai ba ne. Shi ne ma'aikacin jiki. Himogulobin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini furotin ne. Insulin da ke daidaita sukari furotin ne. Ƙugiyar da ƙwayar cuta ke maƙale wa ƙwayoyin jikin mutum da ita ma furotin ce. Kowanne yana da siffarsa, kuma siffar ce ke tsara aikinsa. Yawancin magunguna suna aiki ne kamar mabuɗi a cikin kwaɗon ƙofa: su shige wani lungu na furotin su toshe shi ko su motsa shi. Maƙerin da bai ga kwaɗon ba, lalube zai yi ta yi.

Matsalar ita ce ƙwayar furotin ta yi ƙanƙantar da madubin likita na yau da kullum ba ya ganinta. Dabarar da aka fi dogaro da ita ita ce a sa ƙwayoyin furotin biliyoyi su jeru sahu-sahu cikin tsari guda, kamar yadda ƙwayoyin gishiri ko sukari ko alif suke jeruwa su ba da ɗan dutse mai kusurwoyi da sheƙi. Wannan shi ne kiristal. Sai a haska shi da hasken eksire, hasken ya watsu ya bar ɗigo-ɗigo a kan na'ura, daga nan a yi lissafi a gano mazaunin kowace ƙwayar zarra.

Aikin na bukatar haƙuri. Max Perutz ya fara aiki a kan himogulobin a Cambridge a 1937, bai ga siffarsa ba sai 1959. Shi da John Kendrew suka raba lambar Nobel a 1962. Dorothy Hodgkin, wadda labarin tata lambar ya iske ta a Ghana a 1964, ta shafe fiye da shekara 30 kafin ta warware siffar insulin a 1969. Rumbun ajiyar siffofin furotin na duniya ya fara da guda 7 a 1971, a yau ya haura 200,000, kuma mafi yawansu ta hanyar kiristal aka same su.

Daga irin wannan aiki aka samu magungunan da ke toshe wani furotin na ƙwayar HIV, waɗanda suka fara fitowa a 1995. Haka nan a farkon 2020 masana a birnin Shanghai suka fitar da siffar wani babban furotin na ƙwayar korona, kafin ƙarshen 2021 kuma aka amince da maganin da ke kai masa hari.

Sai dai kyawun hoton ya dogara ne da kyawun kiristal. Ana auna shi da ma'aunin angstrom, wanda guda ɗayansa kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na milimita. Idan lambar ta yi ƙasa, hoton ya fi fitowa. A angstrom 3 ana ganin fasalin furotin a dunƙule. A kusa da angstrom 1 ana ganin ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun akwai bambancin da ke tsakanin hango gida daga nesa da shiga cikinsa a ƙirga ɗakuna.

Maƙiyin da ke cikin ɗigon ruwa

Ana renon kiristal a cikin ɗigon ruwan da bai kai ƙwayar gero ba, wanda aka narkar da furotin da wasu gishirai a cikinsa. Yayin da kiristal ke girma, yana zuƙe furotin daga ruwan da ke kewaye da shi. Ruwan da aka zuƙe wa furotin sai ya fi sauran sauƙin nauyi, don haka sai ya taso sama kamar yadda hayaƙi ke tashi daga murhu. Wani ruwan mai kauri sai ya gangaro ya maye gurbinsa. Haka ruwan zai yi ta juyawa a kewayen kiristal ɗin ba tsayawa.

Wannan juyawar ce maƙiyin. Tana kawo furotin da gaggawa fiye da yadda ƙwayoyin za su iya samun mazauninsu daidai, kuma tana kwaso datti da dunƙulallun ƙwayoyi ta liƙa su a jikin kiristal. Duk wanda ya ga magini yana jera bulo ana jefo masa su ta ko'ina ba ƙaƙƙautawa ya san yadda katangar za ta kasance. Ga kuma nauyin kiristal ɗin kansa, wanda ke sa shi nutsewa ya faɗa kan 'yan uwansa su manne.

Duk wannan ƙarfin jan ƙasa ne ke haddasa shi. Inda babu nauyi, ruwa mai sauƙi ba shi da dalilin tashi. Sai ya tsaya a kewayen kiristal kamar garkuwa, ƙwayoyin furotin su riƙa ratsowa a hankali ɗaya bayan ɗaya, manyan dunƙulen datti kuma su makara a hanya.

Shi ya sa aka fara kai furotin sararin samaniya. An yi irin wannan gwaji a jirgin sama jannatin Amurka tun 1983, kuma har yau ana yi a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda Japan ke da shiri na musamman a sashenta. Wasu kiristal sun dawo da kyau fiye da na ƙasa, wasu babu bambanci, wasu ma sun lalace a hanya. A shekarar 2000 wani kwamitin Majalisar Bincike ta Amurka ya duba sakamakon shekarun da suka gabata ya ce bai gamsar ba. Ga tsada, ga jiran layi na watanni, ga jijjigar tashi da sauka. Dole aka nemi wata hanya a doron ƙasa.

Abin da maganaɗisu ke yi

Mun saba ganin maganaɗisu yana jan ƙarfe. Abin da ba mu saba gani ba shi ne yana ture ruwa, da katako, da nama, da furotin. Turin yana da raunin da ba a jin sa da maganaɗisun rediyo ko na ƙofar firji. Amma idan ƙarfin ya kai tesla 16, kuma aka ajiye abu a wurin da ƙarfin ke raguwa da sauri daga ƙasa zuwa sama, turin na iya daidaita nauyin abin. Masana biyu a Grenoble ta Faransa, Beaugnon da Tournier, sun nuna haka da ruwa da wasu abubuwa a 1991. Kwaɗo kuwa yawancinsa ruwa ne. Don kwatance, na'urar MRI ta asibiti tana aiki ne da tesla 1.5 zuwa 3.

Masanan Japan ne suka fi kowa riƙe wannan fage da farko. Tun 1997 Gen Sazaki da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku da ke Sendai, da Mitsuo Ataka da Nobuko Wakayama a Tsukuba, suka riƙa renon kiristal ɗin laisozayim a cikin maganaɗisu. Laisozayim furotin ne da ke cikin farin ƙwan kaza, yana da araha kuma yana saurin yin kiristal, shi ya sa ya zama zakaran gwajin dafi a wannan fanni.

Abu na farko da suka gani shi ne jeruwa. Kiristal ɗin da aka rena a waje suna kwanciya ta ko'ina, amma na cikin maganaɗisu sai suka fuskanci alƙibla guda. Dalili shi ne mahaɗan da ke ɗinke ƙwayar furotin ba sa jin turin maganaɗisu daidai ta kowane ɓangare. A ƙwaya ɗaya bambancin ba ya wani tasiri, amma idan miliyoyi suka jeru a kiristal sai ya taru ya isa ya juya shi. An kuma lura kiristal ɗin sukan yi ƙaranci a adadi, su yi jinkirin girma.

A shekarar 2000 wata tawagar Japan ta ba da rahoton cewa wani nau'in kiristal ɗin laisozayim da aka rena a tesla 10 ya ba da hoto mai kyawun angstrom 1.13, alhali wanda aka rena a waje ya tsaya a 1.33. A ido bambancin kaɗan ne, amma a wannan sana'a ci gaba ne da ake gani ƙarara a cikin hoton.

Gwajin Nijmegen na 2007, na Maurits Heijna da Paul Poodt da Elias Vlieg da abokan aikinsu, ya tafi kai tsaye ga juyawar ruwan. Sun sa kiristal a cikin maganaɗisun da ke iya kaiwa tesla 33, suka kafa na'urar da ke nuna inuwar ruwan da ke tashi daga kansa. Da suka riƙa ƙara ƙarfi sai tashin ruwan ya yi rauni, ya zo ya tsaya cak, da suka ƙara kuma sai ya juya ya nufi ƙasa. A daidai inda ya tsaya, girman kiristal ya ragu ƙwarai, kamar yadda ake tsammani a sararin samaniya.

Sun kuma gyara wani kuskuren fahimta. Ɗaga ɗigon ruwa sama daban, tsayar da juyawar da ke cikinsa daban. Na farko yana bukatar turin maganaɗisu ya daidaita nauyin ruwan gaba ɗaya. Na biyu yana bukatar ya daidaita ɗan bambancin nauyin da ke tsakanin ruwa mai furotin da wanda aka zuƙe. A laisozayim, na biyun ya bukaci ƙarfin da ya zarce na kwaɗo nesa ba kusa ba. Ma'ana, ɗigo na iya shawagi a iska alhali cikinsa na ta juyawa.

Inda gizo ke saƙar

Dole mu faɗi gaskiya a kan iyakar wannan hanya, domin a fagen kimiyya yabon da ya wuce kima illa ne.

Na farko wuta. Maganaɗisun da ke haura tesla 30 ana yin sa ne da faya-fayen tagulla da ake tura wa wutar lantarki mai yawan gaske, ana kuma kwarara musu ruwan sanyi kada su narke. Na Nijmegen yana jan wutar da ta kusa megawat 20. Tashar hasken rana da aka buɗe a Kumbotso ta Jihar Kano a 2023 megawat 10 ce gaba ɗayanta. Wuraren da ke da irin wannan maganaɗisu a duniya 'yan ƙalilan ne, kamar Tallahassee ta Amurka mai na tesla 45, da Hefei ta ƙasar Sin wadda ta kai tesla 45.22 a 2022, da Grenoble.

Na biyu lokaci. Kiristal ɗin furotin yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya girma, irin wannan maganaɗisu kuwa na sa'o'i ake kunna shi, kuma masu bincike da dama na jiran layi. Akwai wani nau'in da ake sanyaya wayoyinsa da ruwan hiliyom har zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, wanda ke iya riƙe ƙarfinsa na tsawon watanni ba tare da shan wuta mai yawa ba. Da irinsa Da-Chuan Yin da tawagarsa ke aiki a birnin Xi'an na Sin, a kusan tesla 16. Amma ƙarfinsa bai kai na wancan ba, hiliyom kuma yana da tsada.

Na uku, sakamakon bai zama bai ɗaya ba. An fi yin gwaje-gwajen da furotin masu sauƙin sha'ani irin laisozayim. Wasu furotin sun inganta, wasu ba su nuna wani canji ba. Furotin ɗin da masu magani suka fi ƙishirwar gani, waɗanda ke manne a bangon ƙwayoyin jiki, babbar matsalarsu ita ce su yarda su yi kiristal tun farko, maganaɗisu kuwa bai warware wannan ba.

Na huɗu, duniya ba ta tsaya jira ba. Madubin lantarki mai daskarar da samfur, wanda ya jawo lambar Nobel ta 2017, yana ganin manyan furotin ba tare da kiristal ba. Manhajar AlphaFold tana hasashen siffar furotin daga jerin sinadaransa, ta fitar da hasashe sama da miliyan 200 a 2022, masu ita kuma suka shiga cikin waɗanda suka ci Nobel a 2024. Sai dai a tuna cewa manhajar ta koyi aikinta ne daga wancan rumbun da masu kiristal suka shafe rabin ƙarni suna cikawa. Har yanzu idan ana son ganin yadda magani ya zauna a lungun furotin ƙwaya da ƙwaya, kiristal mai kyau na kan gaba.

Rufin kwalba

Mai karatu zai iya tambaya: to ina ribar? Ribar ta fito ta inda ba a zata ba.

Bayan da masanan Nijmegen suka gani da idonsu cewa tashin ruwa mai sauƙi shi ne tushen matsalar, sai suka yi wata tambaya mai sauƙi. Idan ruwan na son tashi sama ne, me zai faru in kiristal ɗin yana can saman tun farko? Sai suka cika 'yar kwalba maƙil da ruwan furotin, suka bar kiristal ya tsiro a jikin rufinta yana kallon ƙasa. Ruwan da aka zuƙe ya riga ya kai ƙololuwa, ba shi da inda za shi, sai ya zauna a kewayen kiristal ya zame masa garkuwar nan da ake zuwa nema har sararin samaniya. Ƙarfin jan ƙasa da ke ɓata aikin sai ya koma mai gadinsa.

Sun wallafa wannan dabara a 2009, sannan a 2013 Alaa Adawy da abokan aikinta a wannan jami'ar suka gwada ta da furotin daban-daban suka ba da rahoton kiristal masu fitar da hoto mai kyau ƙwarai. Babu roka, babu megawat 20, kwalba ce da murfi.

Akwai wasu dabarun masu araha da ke bin wannan ka'ida. Ana renon kiristal a cikin wani abu mai kama da kamu mai kauri da ake samu daga ciyawar teku, wanda ke hana ruwa motsi. Juan Manuel García-Ruiz na birnin Granada a Sifaniya ya shahara da renon su a cikin siraran bututun gilashi, inda ƙuncin wurin ke hana juyawa. Abel Moreno na babbar jami'ar ƙasar Mexico ya haɗa kamun nan da maganaɗisun da ke cikin na'urar NMR, wadda sassan koyar da ilimin sinadarai ke amfani da ita don wani aikin daban, kuma maganaɗisunta kan kai tesla 7 zuwa kusan 12. Bai sayi sabon abu ba, abin da ke ɗakin ya yi wa dabara.

Wannan shi ne abin da masu tsaki a kan kwaɗo ba su hango ba. Na'ura mai tsada takan yi aikinta ne sau ɗaya: ta nuna ainihin abin da ke faruwa. Da zarar an gane, sai kowa ya amfana da ilimin ko da ba shi da na'urar.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu da tsaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar sikila kowace shekara a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Sikila cutar siffar furotin ce tsantsa. Vernon Ingram ya gano a Cambridge a tsakiyar shekarun 1950 cewa sinadari ɗaya tak ne ya sauya a jerin himogulobin. Wannan sauyin ke sa ƙwayoyin su manne su yi dogayen zaruruwa idan iskar numfashi ta yi ƙaranci, har su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Tun 1965 Makio Murayama ya nuna a Amurka cewa irin waɗannan ƙwayoyin jini suna jeruwa idan aka sa su a maganaɗisu, saboda zaruruwan da ke cikinsu sun riga sun yi sahu. A 1975 aka ga yadda suke mannewa ta hanyar kiristal.

Zazzaɓin Lassa sunan wani gari a Jihar Borno yake ɗauke da shi, inda aka fara gano shi a 1969. Siffar ƙugiyar da ƙwayar cutar ke kama jikin mutum da ita, wadda masu neman rigakafi ke bukata, ba a same ta ba sai 2017. Kathryn Hastie da Erica Ollmann Saphire ne suka warware ta a cibiyar Scripps da ke California, bayan aikin kusan shekara goma, da taimakon sinadarin garkuwar jiki da aka samo daga wani da ya warke daga cutar a Afirka ta Yamma. Cutar tamu, jinin namu, amma kiristal ɗin a wata nahiya aka rene shi.

Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da sinkurotoron, wato katafariyar na'urar nan mai zobe da ke samar da hasken eksire mai ƙarfin da ake karanta kiristal da shi. Gabas ta Tsakiya ta buɗe tata a Jordan a 2017, inda ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, har da Iran da Isra'ila da Falasɗinu, suke zaune a teburi ɗaya. Masanan Afirka sun yi taron farko na neman tasu a Grenoble a 2015, suka sake haɗuwa a Accra a 2019. Taron farko na masu ilimin kiristal na nahiyar an yi shi ne a Dschang ta Kamaru a 2016.

Kiranmu

Ba mu kira ga kowace gwamnati ta sayo maganaɗisun tesla 30 ba. Ƙasar da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200 tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Mun kuma ga isassun na'urori masu tsada da aka yanka musu kyalle ranar buɗewa, daga baya ƙura ta rufe su saboda babu wuta, babu kayan gyara, babu wanda aka horar.

Abin da muke kira a yi ya fi wannan sauƙi. Asusun TETFund da ma'aikatun kimiyya su zaɓi jami'o'i kaɗan su kafa ɗakunan tace furotin da renon kiristal, da wutar rana da ba ta yankewa. Kiristal ba ya son sauyin zafi, ɗauke wuta na dare ɗaya na iya rusa aikin wata guda. Ɗalibin digirin farko na iya ganin kiristal ɗin laisozayim ya fito cikin kwana ɗaya ko biyu da kayan da ba su taka kara sun karya ba, kuma daga irin wannan gani ake samun masanan gobe.

Sannan a nemi ƙofar shiga sinkurotoron na wasu. A yau ba sai mutum ya je da kansa ba. Ana daskarar da kiristal da ruwan naitirojin, a aika shi a cikin tulu na musamman, mai binciken ya sarrafa na'urar daga ofishinsa ta intanet. Afirka ta Kudu ta ƙulla yarjejeniya da na'urar Grenoble tun 2013, masananta na aiki da ita. Babu abin da zai hana Najeriya, ko ƙasashen yankin a haɗe, bin wannan sahu. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana kula da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, shaida ce cewa idan an riƙe abu da gaske ana iyawa. Tarayyar Afirka ta daɗe da sa wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, Najeriya kuwa ba ta kai ko rabin haka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da annoba ta ɓarke ba ranar fara horar da mai renon kiristal ba ce.

Akwai gargaɗi ga masu karatu kuma. Kada wani ya ɗauki wannan labari ya tallata muku awarwaro ko katifa ko kofin maganaɗisu da sunan suna tsinka jini ko warkar da sikila. Abin da aka yi a Sendai da Nijmegen gwaji ne a kan furotin a cikin kwalba, da ƙarfin da ya ninka na irin waɗannan kayayyaki sau ɗaruruwa. Kwaɗon da ya shiga tesla 16 ma ya fito yadda ya shiga. Mai sikila likitansa da maganinsa su ne abin riƙonsa, masu shirin aure kuma gwajin jini.

A ƙarshe muna jan hankalin 'yan majalisa da masu tsara kasafi. Idan malamin jami'a ya kawo buƙatar kuɗin binciken da a ido ya yi kama da wasa, a tambaye shi wace tambaya yake son amsawa da kuma yadda zai auna amsar, a duba ingancin tsarinsa, sannan a yanke hukunci. Wanda ya ga kwaɗo na shawagi a 1997 ba zai iya cewa bayan shekara 12 za a samu kwalbar da ke yin aikin da ake zuwa nema a sararin samaniya ba. Waɗanda suka biya kuɗin wutar maganaɗisun ma ba su san haka ba, amma sun biya.